Ranar da Teku Ya Zo Karɓar Motar Ƙungiya

Shekarar da ƙungiyarmu ta manoman rani ta yanke shawarar sayen mota, ni aka zaɓa in raka direba zuwa Legas. Ba don na san mota ba ne, abin da na sani a jikinta bai wuce taya da ƙofa ba. An zaɓe ni ne saboda halina, wanda duk ƙauyenmu ya sani. Ni ne mutumin da yake kulle ɗakin hatsi, ya kai bakin hanya, ya dawo ya taɓa kwaɗon, ya tafi, ya sake dawowa. Idan wani ya yi mini magana ina tsakiyar alwala sai na sake daga farko, don ba na tuna ko na shafi kunne. Matata takan ce da ana biyan mutum ladan damuwa, da tuni mun gina bene.

A ƙasan dam ɗin Watari muke noma, tumatir da albasa da ɗan tattasai. Kowane rani sai mun tsaya muna kallon tumatir yana narkewa a kwando a bakin titi, muna jiran motar haya da ta ce ga ta nan tafe. Shi ya sa kusan kowane gida ya sa hannu a wannan saye, har da maƙwabtanmu na ƙetaren rafi masu zuwa coci, har da zawarawa biyu da suka sayar da awakinsu. A-kori-kura muke so, ta hannu, mai ƙarfi. Ran da za mu tashi, shugaban ƙungiya, dattijon da kowa ke kira Baba, ya tsayar da mu a ƙofar masallaci. Ya nuna direba da baki, ya ce da ni:

"Shi aikinsa ya tuƙa. Kai aikinka ka hana shi. Ku kawo mana ita lafiya, amana ce."

Direban ɗan goggona ne, wato taubashina, kuma tun muna yara ba mu daidaita a kan wane ne bawan wani ba. Ya yi shekaru yana jan bas tsakanin Tofa da birni. Bai taɓa duba taya kafin ya tashi ba, wai in ta fashe ai za ta faɗa da bakinta.

Mun sami motar a kwana na biyu da isarmu, fara, gadon bayanta ya ɗan sha duka amma injinta na kuka daidai. Mai sayarwa ya ce ya ba mu kwana uku mu gwada, in mun ga aibi mu dawo masa da ita. Ni na so mu ajiye ta a inuwa mu zauna mu yi gadinta har kwana ukun su cika. Ɗan goggo ya ce ba a gane mota a kan kwalta, sai a yashi, kuma ya ji an ce babu yashi kamar na bakin teku.

"Ka ce dai yawo kake so," na ce.

"Ɗan kawu, in zo har Legas in koma a tambaye ni teku in ce ban gani ba? Ko jaki in ya je kasuwa yakan ɗaga kai ya kalli jama'a. To ka bari, kada mu gwada. Sai mun kai ta gida ta mutu a gaban Baba, ka yi masa bayani."

Ya san inda zai taɓa ni. Na kwana ina ganin motar ta mutu a ƙofar masallaci, da safe ni na fara ɗaure kaya.

Masauki kam na ƙi. Ban san wanda ya kwana a katifar ba, ban san abin da ya yi a kanta ba, kuma ba zan bar motar a waje ni ina ciki ba. Muna da sabon tampol da muka saya don rufe kwanduna, sai muka ce shi ne ɗakinmu: a ɗaure gefe ɗaya a ƙarfen gadon mota, ɗayan a kafa masa sanda biyu. Muka ɗauki risho da buta da tabarma, jarka biyu na ruwa, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kayan shayi.

Da ina zaton ƙasa tana tafiya ne kawai sai ta ci karo da teku ta tsaya. Ashe yamma da Legas, wajen Badagiri, ba haka abin yake ba. Za ka fara tarar da wani ruwa kwance, mai faɗi, baƙi-baƙi. Na ce to ga shi nan, mun gani, mu juya. Wani mai sayar da fetur a kwalba ya ce wannan ba teku ba ne, ƙaninsa ne. Muka haye gada, sai ga mu a kan wata siririyar ƙasa ta yashi, doguwa, kamar kunya ɗaya da aka ja a gona aka manta ba a ja sauran ba. Ruwa a dama, ruwa a hagu, itatuwan kwakwa a tsakiya. An ce haka tsibiran suke bin juna, wannan ya ƙare wancan ya ɗauka.

A gida lokacin marka ce, mun gama maimai, gero ya fara ciki. A can kuwa lokacin da babu mai zuwa ne. Mun wuce rumfuna na ganyen kwakwa jere, waɗanda aka ce a ranakun Kirsimeti da Sallah ba ka samun wurin sa ƙafa, yanzu duk sun sunkuya, bencina a kife, sai wani kare da ya bi mu da ido kamar yana jiran mu ba shi haƙuri. Tekun na hango shi daga nesa, toka-toka, yana ta bugun ƙasa yana ƙara kamar motocin tirela suna wucewa ba su ƙarewa. Na ce ba za mu matsa kusa ba. Muka kafa tampol a gefen ruwan kwance, inda sauro ya karɓe mu hannu biyu.

Rana ta biyu ruwan sama aka wuni yi. Mun bi hanyar yashi daga wannan ƙauyen masunta zuwa wancan, motar tana tafiya tana rausaya, ɗan goggo yana yabonta kamar amaryar da ya zaɓo da kansa. A wani wuri ƙasar ta yanke, sai an yi fito. Abin fiton wani faffaɗan dandamali ne na katako da ake ja da kwalekwale mai inji. Da aka hau da motar, katakon ya yi wani kuka da har yau ina jin sa a haƙorina. Na tsaya na rungume madubinta da hannu biyu.

"Riƙe ta da kyau, ɗan kawu," in ji shi, yana zaune a kan jarka yana cin ƙuli-ƙuli. "In ta nutse sai ka ɗago ta."

Ranar ban ga rana ba ko sau ɗaya, ban san gabas ba. Wayar ɗan goggo duk sanda aka tambaye ta alƙibla sai ta nuna wani wuri dabam. Na yi Azahar ina fuskantar wata bishiya, zuciyata ba ta kwanta ba, na sake ina fuskantar wata. Ya ce in ƙara biyu in cike kusurwa huɗu, ko ta ina aka duba a same ni.

Rana ta uku gari ya waye tas. Sama wankakke, ko gajimare babu. Ɗan goggo ya ce yau kam a bakin teku sosai za mu yada zango, in ba haka ba zai gaya wa duk ƙauye cewa na yi kuka a kan fito. Ban yi kuka ba, ruwan sama ne. Amma na san shi, sai na ce to, da sharaɗin ni zan zaɓi wuri.

Na fara da ƙarƙashin kwakwa. Ina tsaye ina dubawa wata ta faɗo can gefe, tim, ta lotsa yashi. Na kalli gilashin motar, na ce nan bai yi ba. Gaba kaɗan ciyawa ce mai yaɗo, inda maciji zai ji daɗin zama, ga kashin awaki. Gaba da ita busasshen yashi ne mai laushi, ƙafa ma nutsewa take yi balle taya. Sai da na gangara ta wata hanya da masunta ke bi, na tarar da wurin da ban taɓa ganin irinsa ba: fili shimfiɗaɗɗe, mai tauri, sumul kamar tsakar ɗakin da aka daɓe jiya. Ba sawun mutum, ba na dabba, ba ƙazanta ko ta tsuntsu. Ko ba tabarma za ka yi salla a kai. Na ce ikon Allah, wuri kamar wannan kuma babu wanda ya kama.

Amma ni ba yaro ba ne. Na ga yashin da danshi, na san ruwa ya taɓa zama a nan. Sai na yi abin da muke yi a gida.

Mu a bakin dam, idan damina ta ja baya, kara muke kafawa a daidai inda ruwa ya tsaya. Ka dawo ka duba. In ruwa ya bar karan a tudu, to ya juya ke nan, sai ka bi shi a baya da shuka, masara ko dankali, yana ja kana bi. Ruwan da ya juya ba ya dawowa sai wata daminar. Haka ubana ya yi, haka kakana ya yi a fadama tun ba a gina dam ba, ban taɓa jin wanda wannan ya ba kunya ba. Na karyo tsinken ganyen kwakwa mai kauri, na kafa a inda kumfa ke tsayawa, na koma na tsuguna. Kafin ɗan goggo ya gama dafa shayi, ruwa ya bar karan da taku huɗu. Ban yarda ba, na kafa na biyu. Ya bar shi. Na kafa na uku, na zauna har rana ta ɗaga, shi ma ya bar shi. Na duba sama ta kowace kusurwa, babu hadari. A raina har na ji tausayin mutanen wurin, ruwansu na janyewa da wannan sauri ba su da abin shukawa.

"Shigo da ita," na ce.

Muna ɗaure tampol sai ga wata tsohuwa da kwano a kai, mai bandar kifi ce, bukkarta na can cikin kwakwa inda hayaƙi ke tashi. Ta yi mana sallama da Hausa, har na waiga in ga ko wani ne. Ashe ta yi shekaru tana sayar da kaya a Kano kafin ta dawo gida.

"Malam, ku ɗauke motar nan," ta ce. "Teku yana tafiya yana dawowa, sau biyu kullum. Yanzu tafiya yake. Kafin yamma duk nan nasa ne. Ku kawo ta bayan ɗakina."

Na gaishe ta da ladabi, na ce Iya mun gode, amma an riga an auna. Na kai ta na nuna mata kara uku a jere, kowanne a tudu, na yi mata bayanin yadda ake yi. Ta saurara har na gama. Sannan ta sauke kwanon daga kanta ta ajiye a ƙasa, don ta sami damar yin dariya da kyau.

Ban ji haushi ba, tunani na shiga. Ruwa ya tafi ya dawo sau biyu a rana, ba hadari ba ambaliya, to wa ke zuba shi, wa ke kwashewa? Ga shi tun a gida an ja mana kunne cewa a kudu kowa ya ce kawo motarka bayan ɗakina, to ka ƙidaya tayoyinka. Allah ya yafe mini, har na hango 'ya'yanta da sufana a hannu.

Ɗan goggo kuwa ya riga ya miƙe a tabarma. "Iya, ƙyale shi," ya ce. "Wannan tun yana cikin uwarsa yake auna ruwa. Shekara arba'in ina jiran ranar da zai ce babu komai. Yau ya faɗa, ke kuma ki zo ki ɓata mana?"

Ta ɗauki kwanonta, ta zaɓo kifi biyu ta ba mu, ta ce mu ci da ƙarfinmu za mu buƙace shi. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

Gaskiya sa'o'in da suka biyo baya ban taɓa jin daɗi irin nasu ba. Na cire takalmi na taka har inda kumfa ke lasar ƙafa. Na ɗanɗana ruwan, gishiri kamar miyar amaryar da ke son a yabe ta. Na bi wasu ƙananan ƙaguwa da ke gudu a karkace suna shigewa rami. Na yi alwala sau ɗaya tak, ban sake ba. Muka jiƙa gari muka ci da kifin Iya. Na kalli motar ƙungiya, fara fes a kan farin yashi, babu abin da zai faɗo mata daga sama, babu abin da zai sare ta daga ƙasa, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina wanda ban san ina ɗauke da shi ba. Bayan Azahar ɗan goggo ya ce zai je kallon masunta suna jan taru can gaba. Ni da ban taɓa barcin rana ba tun ina aji uku, na kwanta a inuwar tampol na yi barci.

Sanyi ne ya tashe ni, a ƙafa. Na buɗe ido na ga tabarmar tana motsi da ni a kai. Buta ta wuce ta gabana tana juyi, ta nufi teku abinta. Na miƙe na nemi karana, ko ɗaya ban gani ba, inda suke ruwa ne kore yana tashi yana faɗuwa. Wata igiyar ruwa ta taho ta shige ƙarƙashin motar, da za ta koma sai na ga tana yashe yashin da ke ƙarƙashin taya, motar ta ɗan zauna kamar raƙumi zai durƙusa.

Makulli yana aljihun ɗan goggo.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Ina gudu ina kiran sa, ina salati, ina kiran Baba da ke can Kano. Ya taho muka dawo tare, ruwa ya kai rabin taya. Ya shiga ya tayar, ya sa giya, ya taka. Tayoyin baya suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna watsa mini yashi a fuska, suna haƙa wa kansu kabari. Kafin ya ɗaga ƙafa cikin motar ya kwanta a ƙasa.

"Ka daina! Binne ta kake yi!"

"Ka ce ruwan ya juya!"

"Ya juya mana!"

"To ga shi ya sake juyowa, je ka yi masa bayani!"

Na durƙusa ina tono da kwanon da muka ci gari. In kwashe kwano ɗaya, ruwa ya mayar da uku. Babu abin da nake gani sai awakin zawarawan nan, jar akuya da baƙa, ana jan su zuwa kasuwa. Na yi wa Allah alkawura iri-iri, wasu har yau ban gama cikawa ba.

Sai na ji waƙa. Na ɗaga kai, ga Iya tana gangarowa, ba ta ko sauri, bayanta maza da mata sun fi ashirin, wasu da igiyar taru mai kauri kamar hannu, wasu da gungumen kwakwa a kafaɗa, wasu da faffaɗan katako.

"Tun safe na ce su ajiye igiya kusa," ta ce da ni. "Malam, matsa. Kai ka yi naka awon."

Yadda suke fitar da manyan kwalekwalensu daga ruwa haka suka yi wa motar. Ba sa faɗa da igiyar ruwa, jiran ta suke yi. In ta taho ta ɗan ɗaga motar, sai maza su sa kafaɗa, wasu su cusa katako da gungume a ƙarƙashin taya. In ta koma, mai ba da waƙa ya ɗaga murya, kowa ya ja igiya lokaci ɗaya. Taku ɗaya, a tsaya, a ɗauko gungumen baya a kai gaba. Na kama igiyar ni ma, amma ban san waƙar ba, ina ja lokacin da suke hutawa, har wata mata ta ɗauke hannuna ta ba ni zaninta na goyo in riƙe mata. Haka na tsaya, wakilin ƙungiya, riƙe da zani.

Ana cikin haka wata babbar igiyar ruwa ta zo ta bugi gefen motar, ta shiga ta ƙofar da ɗan goggo ya bari a buɗe, ta fita ta ɗayar. Salansa ta yi tari biyu, inji ya mutu. Ɗan goggo yana zaune a sitiyari jiƙe har wuya. Da hannu suka ƙarasa jan ta, ta hanyar masunta, har bayan ɗakin Iya, inda ta ce mu kawo ta tun da safe.

Wani daga cikinsu mai gyaran injin kwalekwale ya leƙa, ya ce Allah ya taimake mu ruwa bai shiga cikin injin ba, wayoyin wutar motar ne suka jiƙe. Amma gishiri maƙiyin ƙarfe ne, a wanke ta yanzu da ruwan daɗi, ciki da ƙasa. Muka yi ta jido daga rijiyar Iya har Magariba, ina kwance a ƙarƙashin mota ana miƙo mini bokiti. Da na je yi mata godiya na kasa haɗa ido da ita. Na ce Iya ki yafe ni, na zarge ki a zuciyata da satar taya. Ta ce ta sani, ta ga yadda nake kallon su.

Da safe motar ta tashi a bugu na huɗu. Muna hawa kwalta ɗan goggo ya ce:

"Jiya kwana ukun suka cika, amma in mun je da wuri mai sayarwar zai karɓa. Mu ce tana tari. Ai ba ƙarya ba ce, ta yi tari."

Na ce ba za mu mayar wa mutum da motar da muka yi wa wankan gishiri ba, ya sayar wa wani bawan Allah. Mu muka jiƙa ta, mu za mu kai ta gida.

"To in mun je gida ka rufe bakinka. Wallahi in ka faɗa, ni za a kama. Wa zai yarda kai ne?"

Kwana biyu muna hanya, ina shirya maganar ina rushewa. Da muka shiga ƙauye mata suka yi guɗa, maza suka kewaye motar suna bubbuga ta, Baba ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, ya juyo ya ce da jama'a ai ya san wanda ya aika. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunya ce.

Kwana huɗu na riƙe. Tuwo ba ya wuce mini, in na rufe ido sai in ji tsatsa na cin ƙarfe kamar gara a azara. Ran taron ƙungiya na miƙe na faɗi komai, tun daga fito har zanin goyo. Kamar yadda ɗan goggo ya faɗa, nan take aka yi kansa. Wani ya ce a karɓe makulli, wani ya ce dama an san za a rina, ni kuma ina rufa masa asiri ne saboda goggo. Sai da na rantse sau uku cewa ni na zaɓi wurin, ni na ce a shigo da ita, shi barci ma bai yi ba, ni na yi.

Baba ya daɗe yana shafa gemu.

"Ka ce ba hadari?"

"Ko gajimare, Baba."

"Ruwan kuma ya ja, ka gani da idonka?"

"Sau uku."

"Ya kuma dawo a ranar." Ya girgiza kai, ya dubi sauran dattawan. "Wannan ruwa ba shi da tarbiyya."

Ba a karɓe makullin ɗan goggo ba, amma ni ma ba a sake ni haka ba. An kai motar wurin wani bakanike a Ungogo, ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya fito ya ce injinta lafiya lau, sai dai gishirin ya riga ya sami wurin zama a wasu lunguna. In ana so ta yi shekaru, sai an riƙa kankare tsatsa ana shafe cikinta da baƙin mai, ba fashi. Baba ya ce ai ba sai an nemi mai yi ba.

Ranin da ya biyo baya ko kwando ɗaya bai ruɓe a bakin titi ba. Yanzu rani na shida ke nan tana jigila. Kowace Juma'a da safe, kafin a tafi masallaci, ina shimfiɗa buhu in shige ƙarƙashinta da gwangwanin baƙin mai da tsumma da guntuwar wuƙa. Akwai wani wuri kusa da tayar baya ta hagu, faɗinsa kamar tafin hannu, da na kankare na shafe ya fi a ƙirga, in sati ya zagayo sai in tarar ya sake yin ja. Ɗan goggo yakan zauna a sama yana karkaɗa ƙafa daidai fuskata, yana tambaya ko akwai abin da nake so a auna.